Yadda Ikkilisiya Za Ta Tunkari Wariya da Ƙabilanci a Cikin Gidanta

Duk wanda ya ji an ambaci wariyar launin fata a cikin ikkilisiya, hankalinsa yakan tafi Amurka ko Afirka ta Kudu, kuma yana da hujja. Babbar ƙungiyar Baftis ta kudancin Amurka ta samo asali ne a 1845 daga jayayya a kan ko mai mallakar bayi zai iya zama ɗan mishan, kuma sai a 1995, bayan shekara 150, ta fito fili ta roƙi gafarar baƙaƙen fata. A Afirka ta Kudu ma an sami ikkilisiyar Turawa da ta daɗe tana laluba wa mulkin wariya hujja a cikin Littafi Mai Tsarki, har 'yan'uwan da aka ware suka rubuta shaidar bangaskiya ta Belhar, suka amince da ita a 1986, suna bayyana cewa raba jama'ar Allah bisa launi ko asali zunubi ne. Mu kuwa a Sakkwato, wanda ya leƙa majami'a ranar Lahadi baƙaƙe zai gani tun daga bagade har bakin ƙofa, saboda haka abu ne mai sauƙi mu ɗauka cewa wannan ciwo na wasu ne can nesa.

Ciwon yana nan tare da mu, suna kawai ya sauya. A wurinmu ana auna mutum da ƙabilarsa, da harshen da ya tashi da shi, da garin da kakansa ya fito, wani lokaci ma har da hasken fatarsa. Ikkilisiyoyin wannan gari kuwa taron dangi ne na ƙasa baki ɗaya: akwai Dakarkari daga ƙasar Zuru, da Hausawa Kirista daga ƙauyukan Katsina da Zamfara da Kano, da mutanen kudancin Kaduna da Filato da Binuwai, da Ibo da Yarbawa 'yan kasuwa, da sojoji daga barikin Giginya, da ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da masu yi wa ƙasa hidima waɗanda suke zuwa su yi shekara guda su wuce. Wanda yake ganin launi ɗaya ya isa ya kare mu, sai ya tuna da Ruwanda a 1994, inda aka kashe mutane a cikin majami'un Nyamata da Ntarama, alhali masu kisan da waɗanda aka kashe launinsu ɗaya, harshensu ɗaya, galibinsu kuma an yi musu baftisma.

Abin da zan bayyana a nan hanya ce da majalisar dattawa ko kwamitin ikkilisiya za su iya bi, kuma na tsamo ta daga abin da muka gwada a tamu, har da inda muka yi tuntuɓe. Ra'ayina shi ne kada a fara wannan aiki da wa'azi. Wa'azi a kan ƙauna kowa zai ce amin, kowa kuma zai fita yana ganin maƙwabcinsa aka yi wa. A fara da ƙidaya.

Misalin da za a bi yana cikin Ayyukan Manzanni sura 6. Masu bi na Urushalima sun yi yawa, sai masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu mata a rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce masu ƙorafi suna raba kan ikkilisiya ba, ba su kuma ce a je a yi addu'a maganar ta wuce ba. Sun tara jama'a, sun yarda akwai matsala, suka sa a zaɓi mutum bakwai su riƙe rabon. Idan aka duba sunayen waɗanda aka zaɓa, wato Istifanas, Filibus, Burokoras, Nikanar, Timan, Barminas da Nikolas mutumin Antakiya, za a ga dukansu sunayen Helenanci ne. Ma'ana, an damƙa ludayin a hannun ɓangaren da aka ƙwara. Duk abin da zai biyo baya a wannan rubutu faɗaɗa wannan sura ce kawai.

Kafa kwamiti da yin ƙidaya

Kafin komai, a sami amincewar fasto da dattawa a rubuce cikin littafin taro, domin aikin da aka soma a bayan idon shugabanni ƙarshensa a kira shi tawaye. Daga nan a kafa ƙaramin kwamiti, mutum biyar zuwa bakwai, a ba shi wa'adin wata shida. Wajen zaɓe a guji ɗauko waɗanda dama su ne ke kowane kwamiti. A nemi mace daga zumuntar mata ta sashen Hausa, da matashi, da wani wanda bai daɗe da zuwa garin ba, da mutum guda aƙalla wanda aka san ba ya ganin akwai matsalar. Wannan na ƙarshe yana da amfani ƙwarai, domin idan shi ya gamsu da abin da ya gani da idonsa, bakinsa zai fi na sauran tasiri a wurin masu ra'ayi irin nasa.

Aikin farko na kwamitin shi ne ya buɗe littattafan ikkilisiya na shekara goma da suka wuce. A rubuta waɗanda suka yi dattijo, da ma'aji, da sakatare, da shugabannin zumuntoci, a ga daga ina suka fito. A duba jadawalin wa'azi da karatun nassi da jagorancin sujada. Sai a shiga wurin da ya fi zafi, wato asusun taimako: wa aka biya wa kuɗin asibiti, ɗan wa aka taimaka wa da kuɗin makaranta, rasuwar wa ikkilisiya ta ɗauki mota ta raka gawa har garinsu, ta wa kuma aka tura mutum biyu da ambulan a ce an yi ta'aziyya. A duba har waƙoƙin da ƙungiyar mawaƙa ta rera cikin wata uku, a ga da waɗanne harsuna aka yi su. Ba a bukatar kwamfuta, littafin rubutu mai layi da biro sun wadatar. Amma a kiyaye abu ɗaya: takardar da ta haɗa sunayen mutane da ƙabilunsu kada ta kwana a ofishi, kada kuma a ɗauki hotonta a tura a WhatsApp. A fitar da jimilla, a ƙona sauran.

Akwai wani ma'auni da littafi ba zai nuna ba, shi ne agogo. Ikkilisiyoyi da dama a nan suna da sashen Turanci da sashen Hausa, kuma ya kamata a tambaya wane ne ke samun sanyin safiya, wane ne ke shiga bayan kwanon rufi ya ɗauki zafi. Wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. A tamu ikkilisiyar mun yi shekaru sashen Hausa yana shiga da hantsi ya fito rana tsaka, kuma sau da yawa ana kashe janareta da zarar sashen Turanci ya tashi, wai don a rage shan mai. Ban taɓa ɗaukar hakan a bakin komai ba, sai ranar da na tarar da wata tsohuwa zaune a bencin baya tana fifita da littafin waƙoƙi, gumi ya jiƙa ɗankwalinta. Na gaishe ta, na ce, "Mama, yaya zafi?" Ta dube ni ta ce, "Ɗana, mu ai sai rana ta take ake tunawa da mu." Babu wanda ya zauna ya ƙulla musu wannan da mugunta. Waɗanda suka tsara lokacin sun tsara shi ne daidai da jin daɗinsu, waɗanda abin ya shafa kuwa ba su cikin ɗakin da aka tsara. Yawancin wariyar da za a gano a cikin ikkilisiya irin wannan ce.

Abin mamaki shi ne a ga ana yi wa sujadar Hausa kallon ta marasa ilimi, alhali da Hausa bishara ta ratsa Arewa, kuma cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa yana hannun mutane tun 1932. Sai dai mu masu jin Hausa kada mu yi saurin wanke kanmu, domin ita ma Hausar tana danne ƙananan harsuna. Akwai tsofaffi daga ƙasar Zuru da Filato da ke zaune cikin sujadar Hausa suna tsintar rabin abin da ake faɗa, kuma ba a taɓa tambayarsu ba.

Sauraro

Bayan ƙidaya sai sauraro, kuma a nan ne muka yi kuskurenmu mafi girma. Mun kira taron ikkilisiya gaba ɗaya bayan sujada, muka ce kowa ya faɗi abin da ke ransa. Cikin rabin awa magana ta koma kan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da kashe-kashen 1966, da wane ne ya fara. Waɗanda muka kira taron dominsu kuwa ba su ce uffan ba, sun naɗe hannu suna kallo har aka yi addu'ar rufewa. Mun ɗauki watanni kafin mu ɗinke abin da wannan yammacin ya yaga.

Hanyar da ta fi ita ce ƙananan zama na mutum shida zuwa takwas, kowane rukuni da harshen da ya fi sakewa a cikinsa, mata daban, matasa daban, kuma ba tare da fasto ko wani dattijo a ɗakin ba, domin a al'adarmu ƙarami ba ya kuka da babba a gaban idonsa. Mutum biyu daga kwamiti su zauna, ɗaya yana tambaya, ɗaya yana rubutawa ba tare da sa suna ba. Tambayoyin su zama na abin da ya auku, kada su zama na ra'ayi. Idan aka ce wa mutum, "Akwai ƙabilanci a ikkilisiyarmu?" zai ce Allah ya kiyaye. Amma idan aka ce, "Yaushe ka taɓa jin kamar baƙo ne kai a nan, me kuma ya faru a ranar?" sai labari ya fito. A tambayi mutum ko akwai muƙamin da yake ganin irinsa ba zai taɓa riƙewa ba. A tambayi uwa ko ɗanta ya taɓa dawowa daga makarantar Lahadi yana tambayar ma'anar wani suna da aka kira shi. Mai sauraro kada ya kare kowa, kada ya ce "ai ba haka yake nufi ba". Aikinsa a ranar kunne ne da biro.

Wani abu da zai fito a irin wannan zama, wanda kuma ya keɓanta da wuri irin namu, shi ne maganar bakin ƙofa. Tun bayan kisan ɗaliba Deborah Samuel da tarzomar da ta biyo baya a Sakkwato a watan Mayun 2022, da harin da aka kai wa majami'ar Katolika a Owo ta Jihar Ondo a watan Yunin 2022, ba mai hankalin da zai ce a daina bincike a ƙofar majami'a. Tsoron na gaskiya ne. Amma a tsaya a lura da wanda ake bincikawa. Na ga wata Lahadi matashi mai tsaron ƙofa ya bar mutum uku masu kwat sun shige da jakunkunansu, sannan ya tare wani dattijo siriri, fari, mai doguwar riga da hula, ya ce masa, "Malam, wa kake nema?" Dattijon ya ɗaga Littafinsa wanda bangonsa ya tsufa har an ɗaure shi da roba, ya ce, "Sujada na zo, yarona." Bafulatani ne, kuma ya yi baftisma tun ba a haifi mai tambayar ba. Bahaushe ko Bafulatanin da ya bi Almasihu sau da yawa ya riga ya rasa dangi da gado, sai kuma ya zo inda yake sa ran samun sababbin dangi a riƙa yi masa kallon ɗan leƙen asiri. Gyaran wannan ba shi da tsada: doka ɗaya ga kowa. Idan za a duba jaka, a duba ta kowa har da ta matar fasto. Idan za a sa na'ura a jiki, a sa wa kowa har da dattawa. A kuma haɗa masu tsaron ƙofa daga sassan biyu, domin a sami wanda ya san fuskoki.

Koyarwa

Sai bayan an tattara abin da aka ƙidaya da abin da aka ji ne lokacin bagade yake yi, domin a sa'an nan mai wa'azi yana da abin da zai nuna da yatsa. Kwamiti ya fara kai rahoto ga dattawa a keɓe, sannan a karanta taƙaitaccensa ga jama'a da Hausa da Turanci a Lahadi ɗaya, kada wani sashe ya ji labari a bakin wani.

Nassosin da kowa ya sani suna nan: Galatiyawa 3:28, Afisawa 2:14, Yakubu sura 2 a kan nuna bambanci, da Wahayin Yahaya 7:9 inda taro daga kowace kabila da harshe ke tsaye gaban kursiyi. Amma ina ba da shawara a tsaya a kan waɗanda ba a cika taɓawa ba. A Littafin Ƙidaya sura 12, Maryamu da Haruna sun soki Musa saboda ya auri mace Bakushiya, wato daga ƙasar da ke kudu da Masar, kuma Maryamu ce ta tashi da kuturta, ta yi kwana bakwai a bayan zango. A Littafin Mahukunta sura 12, an kashe mutanen Ifraimu a mashigin Urdun saboda harshensu ya kasa furta kalmar Shibolet, sai su ce Sibolet; duk wanda ya taɓa kwaikwayon Hausar Badakkare ko ta Ibo don a yi dariya zai gane kansa a wannan labari ba tare da an kira sunansa ba. Ya kamata kuma a warware tsohuwar ƙaryar nan ta cewa baƙar fata la'anannu ne saboda Ham ɗan Nuhu. A Farawa sura 9, Kan'ana ne Nuhu ya la'anta, ba a ambaci launin kowa ba, amma masu cinikin bayi sun yi ƙarnuka suna fakewa da wannan sura, kuma har yau akan ji ɓurɓushinta a bakin wasu masu wa'azi.

Daga tarihinmu, labarin Samuel Ajayi Crowther ya isa darasi na Lahadi guda. An kama shi bawa yana yaro a ƙasar Yarbawa, jirgin yaƙin Ingila ya kuɓutar da shi, ya yi karatu a Saliyo, ya yi aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci, aka naɗa shi bishop a 1864, baƙar fata na farko a ɗarikar Anglika. A 1890 wasu samarin mishan Turawa suka tozarta shi a wani taro a Onica, suka dakatar da limaman da ya horar, ya rasu a ƙarshen 1891, aka kuma maye gurbinsa da Bature. Sai a 2014 Akbishop na Kantabari na lokacin, Justin Welby, ya fito ya nemi gafara a kan abin da aka yi masa. Bayan an ba da labarin, a tambayi jama'a: wane ne a cikinmu yau muke ganin ya isa ya share majami'a ya kaɗa ganga, amma bai isa ya riƙe makullin asusu ba?

A makarantar Lahadi kuma a duba hotunan da ake nuna wa yara. Idan kullum Yesu da mala'iku farare ne tas, Shaiɗan kuma baƙi ƙirin, yarinya za ta koyi darasin da ba a rubuta a jadawali ba, kuma ba mamaki idan ta girma ta nemi man bilicin. A koya wa yara kada su tsokani zabiya, a kuma ba zabiyan da ke cikin jama'a wurin zama kusa da gaba, domin yawancinsu suna da raunin gani.

Maganar baki tana bukatar hikima. Muna da wasan barkwanci na gargajiya, irin na Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarbawa, kuma wannan abu ne mai kyau da ke sanyaya zama; ba shi ake yaƙa ba. Alamarsa ita ce ɓangarorin biyu suna da ikon ramawa, kuma duka suna dariya. Amma kalmomi irin su "inyamuri", da "arne", da "aboki" idan an faɗe ta da reni, da kiran mutum "tubabbe" bayan ya yi shekara ashirin cikin bangaskiya, waɗannan ɓangare ɗaya ne ke dariya. Dattawa su fara tsarkake nasu bakin, domin yara a gida suke ɗauka.

Inda ake gane ko koyarwar ta shiga shi ne wurin aure. Iyaye za su rera waƙar haɗin kai da safe, da yamma su ce ɗiyarsu ba za ta auri ɗan ƙabila kaza ba, ko kuma a yi raɗa cewa gidan su yaron bayi ne. A Arewa sai a 1936 doka ta haramta bauta gaba ɗaya, a yankin Gabas kuma an yi dokar soke tsarin osu, wato ware wasu dangi a matsayin ƙasƙantattu a ƙasar Ibo, tun 1956, amma doka ba ta shiga ɗakin da ake shawarar aure. Fasto ba zai tilasta wa iyaye ba, ba kuma daidai ne ya ɗaura aure a ɓoye ba. Abin da zai iya shi ne ya zauna da su shi da dattijo ɗaya daga ƙabilarsu, ya tambaye su dalili, ya raba musu tsakanin damuwa ta gaskiya, kamar hali da sana'a da nisan gari, da ƙyamar asali, ya kuma gaya musu a fili cewa ta biyun ikkilisiya ba za ta sa mata albarka ba.

Gyaran tsari

Duk wannan zai tashi a banza idan littafin da za a buɗe bayan shekara biyu ya nuna abin da na yau ya nuna. Saboda haka a rubuta gyare-gyare ƙalilan waɗanda za a iya aunawa. A riƙa juya lokacin sujada tsakanin sassan biyu, ko duk wata uku ko duk shekara, man janareta kuma a raba shi daidai. Asusun taimako a rubuta masa ƙa'ida, a manna a allon sanarwa: abin da ake bayarwa idan an yi rasuwa, da na asibiti, da na haihuwa, daidai ga kowane ɗan ikkilisiya, kuma masu sa hannu su fito daga ɓangarori daban-daban. Taron dattawa da na kasafin kuɗi a sa mai fassara, domin mutum yana iya zama cikin majalisa shekara uku bai yi magana ba saboda Turancin da ake yi ya fi ƙarfinsa. Sau ɗaya a wata uku a yi sujadar haɗin gwiwa da jibin Ubangiji tare, a karanta nassi da harsuna uku ko huɗu.

Game da zaɓe, ba na goyon bayan a raba kujeru ƙabila-ƙabila kamar yadda ake rabon muƙaman gwamnati, domin hakan yana mai da dattijo wakilin mutanensa maimakon makiyayin kowa, kuma ƙabilar da ke da mutum huɗu kacal ba za ta taɓa samun kujera ba. Abin da ya fi shi ne a gyara hanyar da ake bi a kai ga kujerar. Kwamitin tantancewa ya zama gauraye, a sa wa'adi ga muƙamai, kuma kowane mai muƙami ya ɗauki mataimaki daga wajen mutanensa ya koya masa aikin. Su kuma ƙungiyoyin ƙabilu da ke cikin ikkilisiya, waɗanda ke fitowa da rawa da kaya ranar godiyar kaka, kada a rushe su, domin su ne ke riƙe baƙo idan ya sauka a gari, su ne kuma ke kai gawa gida. A dai hana su zama jam'iyyun zaɓe, a kuma daina shelanta abin da kowace ƙabila ta kawo da lasifika, tun da ƙarshen wannan gasa shi ne manoma da masu gadi su koma gida da kunya.

A tanadi hanyar kai ƙara. Matiyu 18:15-17 ta ce a fara da mutum shi kaɗai, sannan da shaidu, sannan ikkilisiya, amma a yi la'akari da cewa mai aikin gida ba za ta iya tunkarar uwar ɗakinta ita kaɗai ba, saboda haka a naɗa mutum biyu, namiji da mace, waɗanda za a iya kai wa kuka su raka mai ƙara. Idan kuwa laifin a bainar jama'a aka yi shi, musamman daga bagade, gyaransa ma a bainar jama'a ne. Haka Bulus ya yi wa Bitrus a Antakiya sa'ad da ya janye daga cin abinci da al'ummai, kamar yadda Galatiyawa sura 2 ta nuna. Neman gafara kuma ya zo da abin hannu irin na Zakka a Luka 19: idan ƙidaya ta nuna an tsallake wata gwauruwa a taimakon da ya kamace ta, a kai mata shi yanzu, ko da shekara biyar ta wuce.

Aikin yana da fuska ta waje, ko da yake ba zan tsawaita a kanta ba. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, ko wurin asali, ko addini, ko yanayin haihuwarsa, kuma yana da kyau ikkilisiya ta sami lauya daga cikinta da zai riƙa ba da shawara ga matasan da aka haifa a nan amma suke shan wahala wajen takardar shaidar asali. Haka nan mai wa'azi ya kiyaye yi wa maƙwabtanmu Musulmi kuɗin goro, ko ɗora laifin 'yan bindiga a kan Fulani baki ɗaya, alhali ƙauyukan Hausawa da rugagen Fulani na gabashin jihar nan su ne suka fi kowa ɗanɗana wannan masifa. A matakin ƙasa, Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar yana jagorantar majalisar tuntuɓar juna ta addinai tare da shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN. A matakin unguwa, abin da ya yi daidai da wannan shi ne dattawa su san mai unguwa da limamin masallacin da ke kusa tun kafin wata matsala ta taso.

Za a sami turjiya, kuma yawanci da kalmomi masu kyau take zuwa: "mu duka ɗaya ne cikin Almasihu", ko "kada a tayar da abin da ya kwanta", ko "mu da muke tsiraru a garin nan, ina amfanin tonon silili?" Ta ƙarshen ita ce mafi nauyi, kuma ta cancanci amsa cikin natsuwa: rahoton na cikin gida ne, ba za a kai shi Facebook ba, kuma waɗanda aka ƙwara sun riga sun san abin da ke ciki tun kafin a rubuta. Idan wa'adin wata shida ya cika, kwamiti ya miƙa littafinsa ga sakatare ya sauka, kada ya zama wata sabuwar majalisa. Dattawa su tsayar da Lahadi ɗaya a shekara don sake ƙidayar, kuma mafi dacewa ita ce wadda ta fi kusa da 21 ga Maris, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe don yaƙi da wariyar launin fata, tunawa da mutum 69 da 'yan sanda suka harbe a Sharpeville ta Afirka ta Kudu a 1960. A wannan ranar a ɗauko jadawalin bara a ajiye kusa da na bana, a karanta su da harsunan biyu, sannan a zaɓi sababbin mutanen da za su yi ƙidayar shekara mai zuwa.